Hattara da Gama Tramol da Ƙwayar Sankarar Mama

A unguwannin Hausawa na ƙasar Kudu, kamar Agege da Idi-Araba da Obalende a Ikko, da Sabon Badun, da na Shagamu, har zuwa Anacha da Fatakwal, ba abin da ya kai maganin ciwon jiki sauƙin samu. Mutum ya ce wash, kafin ya rufe baki wani ya zaro masa ƙwaya daga aljihu. Ɗan dako yana da ita, mai gadi yana da ita, mai kemis na bakin layi kuwa ba ya tambayar takardar likita. To, wannan sauƙi shi ne ya zama tarko ga waɗansu mata, watau waɗanda aka yi wa aikin sankarar mama, aka sallame su daga asibiti da wata 'yar ƙwaya da za su riƙa sha kullum har shekara biyar ko goma.

Matan nan kuwa ba kaɗan ba ne. Hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa cikin 2022 mata fiye da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Nijeriya, fiye da 16,000 kuma ta yi ajalinsu. Ba wata sankara da ta kai ta yawa a ƙasar nan.

A ɗauki misalin mace mai shekara 45, matar wani mai sayar da albasa, wadda aka cire wa mama a wani babban asibiti na Ikko. An ba ta ƙwayar tamoksifen, an ce ta sha ɗaya kowace rana. Bayan wata uku sai zafi ya riƙa taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya karyo da tsakar dare, barci ya gagara, ga ɓacin rai. Ta je ƙaramin asibitin unguwa, ba ta ambaci tamoksifen ba domin kunyar zancen mama a gaban namiji, aka rubuta mata maganin damuwa. Sa'an nan wurin ɗinkin ya dame ta da zogi, maigida ya tausaya, ya biya kemis ya sayo tramol. Ga ƙwayoyi uku daga hannu uku, ba wanda ya san da na ɗan'uwansa, dukansu kuwa hanta guda za su tarar.

ASALIN ƘWAYAR

Tun cikin 1896 wani likitan fiɗa mai suna George Beatson, a birnin Gilasgo, ya lura cewa idan aka cire wa mace ma'ajiyar ƙwanta, sankarar mamanta takan ja da baya. Daga baya aka gane dalili. Akwai wani sinadari da jikin mace ke yi, ana ce da shi istirojin, shi ne ke tafiyar da al'ada da girman mama, shi ne kuma abincin wani nau'in sankarar. A hana ta shi, sai ta rame.

Ita tamoksifen, cikin 1962 aka fara haɗa ta a kamfanin ICI na Ingila, kuma abin dariya, da niyyar hana ɗaukar ciki aka yi ta. Ta yi wannan aiki a jikin ɓeraye, amma da aka zo kan mata sai ta yi akasinsa. Saura kaɗan a jefar da ita, sai likitocin asibitin Christie na Manchesta suka ba da labari cikin 1971 cewa tana taimakon masu sankarar mama. Ingila ta yarda da ita cikin 1973 da sunan Nolvadex, Amurka kuma cikin 1977. Aikinta shi ne ta zauna a mazaunin istirojin cikin naman mama, ta toshe masa ƙofa. Da masana na Jami'ar Oksfod suka tattara sakamakon gwaje-gwaje cikin 2011, sun tarar shan ta shekara biyar yana rage mutuwa daga wannan cuta da kimanin kashi ɗaya cikin uku, har tsawon shekara 15. Ƙwaya ce mai araha, miligiram 20 a yini, amma ta fi allurai masu tsada da yawa ceton rai.

Matan da suka riga suka daina al'ada kuwa, sau da yawa wani jinsin ake ba su, watau anastirozol da letirozol, waɗanda ake sayarwa da sunan Arimidex da Femara. Su ba toshe ƙofa suke yi ba, hana jiki yin sinadarin suke yi tun daga tushe.

Amma fa ba kowace sankarar mama ce ke cin istirojin ba, sai an gwada naman da aka cire. Wani bincike na 2009 a kan mata 507 na Nijeriya da Sanagal ya sami kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kaɗai masu irin wannan, alhali wani da aka yi a Badun cikin 2008 ya sami kusan kashi biyu cikin uku. Masana sun ce yadda ake adana naman kafin gwaji yana cikin abin da ya kawo wannan tazara. Saboda haka macen da ta ji labarin tamoksifen wurin maƙwabciya ta je ta saya da kanta, mai yiwuwa ne kuɗinta kawai take zubarwa.

INJIN NIƘA NA CIKIN HANTA

Wanda yake son ya gane yadda magungunan nan ke karo da juna, sai ya tuna da injin niƙa na unguwa. Tamoksifen kamar tsabar dawa take. Yadda aka haɗiye ta ƙarfinta kaɗan ne, sai hanta ta niƙa ta, ta mai da ita wani abu da ake kira endoksifen, wanda ya fi ta ƙarfi ninki 30 zuwa 100. Injin da ya fi yin wannan aiki, masana sun laƙaba masa suna CYP2D6.

To, kodin da tramol su ma wannan inji suke kai niƙa. Kodin ba ya kashe ciwo sosai sai injin ya juya wani kashi nasa ya zama mofin. Tramol ma haka, sai an niƙa shi yake ba da mafi yawan ƙarfinsa irin na mofin. Wannan ya sa mata da yawa, har da waɗansu ma'aikatan lafiya, suke tsoron kada magungunan ciwon su cinye wa tamoksifen layi. A nan akwai kwanciyar hankali. Kodin da tramol masu kawo niƙa ne kawai, ba sa cikin magungunan da aka sani da kashe injin. Har wa yau wani bincike na ƙasar Denmak da aka buga cikin 2015, wanda ya bi mata fiye da 34,000, bai sami alamar cewa shan irin waɗannan magungunan ciwo yana sa sankarar ta dawo ba. Watau macen da likita ya rubuta wa maganin ciwo bisa ƙa'ida, ba ta da dalilin zama cikin azaba don tsoron ɓata tamoksifen.

Ɓarnar daga na ukun take zuwa, wato mai kashe injin. Manya cikinsu su ne waɗansu magungunan damuwa, faroksetin da fuluoksetin, waɗanda ke cikin kwalaye masu suna Seroxat da Prozac, da kuma bufurofiyon. Ana ba da su don ɓacin rai, ana kuma ba da faroksetin don wannan zafi da gumi da tamoksifen ke kawowa. Idan suka shiga, injin ya tsaya, endoksifen ya ragu ƙwarai cikin jini. Cikin 2010 an buga binciken lardin Ontariyo na Kanada a kan mata 2,430, wanda ya nuna mutuwa ta fi yawa ga waɗanda suka daɗe suna gama faroksetin da tamoksifen. Wani bincike da ya fi shi girma a Kalifoniya cikin 2016 bai ga haka ba. Gardamar ba ta ƙare ba tsakanin masana, amma tun da akwai waɗansu magungunan da za su yi aikin ba tare da taɓa injin ba, likitocin sankara sukan kauce wa waɗannan.

A koma kan matar mai albasa. Idan faroksetin aka ba ta, to, asara biyu ta same ta lokaci guda. Tamoksifen ba ta niƙuwa yadda ya kamata, tramol ma ba ya niƙuwa, saboda haka zogin bai tafi ba. Me za ta yi? Sai ta ƙara ƙwaya. Tramol ɗin da ba a niƙa ba kuwa ba zaman banza yake yi ba. Yana da wani aiki na biyu a ƙwaƙwalwa, yana ƙara wani sinadari mai suna serotonin, wanda shi ne maganin damuwar ma ke ƙarawa. In suka haɗu suka yi yawa, sai rawar jiki, da zazzaɓi, da gumi, da gudawa, da bugun zuciya, da ruɗewa, wani lokaci har faɗuwa irin ta farfaɗiya. A gida sai a ce iska ce, ko a ce sankarar ce ta hau kai, alhali ƙwayoyi biyu ne suka yi karo.

Ko da likita ya kauce wa faroksetin ya ba da benlafaksin, mai suna Effexor, wanda ba ya damun tamoksifen sosai, shi ma ba ya shiri da tramol saboda wannan serotonin ɗin. Idan kuwa gabafentin aka bayar, wanda ake ba masu zafin nan da masu zogin jijiya bayan tiyata, to, shi matsalarsa numfashi ce. Cikin Disamba 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa gama shi da dangin mofin yana iya danne numfashi, balle ga tsofaffi da masu ciwon huhu. Haka Valium da sauran ƙwayoyin barci.

Kuma injin nan ba ɗaya yake ga kowa ba, gado ne. Cikin Turawa, mutum 5 zuwa 10 cikin 100 nasu ba ya aiki sam. A Habasha an tarar cikin 1996 cewa kusan 29 cikin 100 nasu gudu yake yi fiye da kima, irin waɗanda ƙwayar kodin ta ƙa'ida kan zame musu mofin mai yawa. A cikin baƙaƙen Afirka kuma akwai wani nau'i mai tafiyar hawainiya, wanda aka fara bayyanawa a Zimbabuwe. Ashe ke nan ƙwayar da ta yi wa kishiya daidai tana iya kayar da uwargida, ko ta wuce ta kamar ta sha ruwa.

TRAMOL NA ALJIHU

Duk abin da aka faɗa a sama, game da tramol na asibiti ne. Hukumar NAFDAC ta yarda da mai miligiram 50 da mai 100 kaɗai, kuma iyakar abin da babba zai sha a yini 400 ne. Wanda ke yawo a tasha da kasuwa kuwa akwai mai 120, da mai 200, da mai 225, har da mai 250. Biyu daga mai 225 sun riga sun haye iyaka. Ba kuma mai iya rantsuwa a kan abin da ke cikinsa.

Yawan abin ya wuce wasa. Ƙidayar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, wadda aka bayyana cikin Janairu 2019, ta nuna mutum miliyan 4.6 ne suka sha irin su tramol da kodin ba don magani ba cikin shekara guda. Ran 1 ga Mayu 2018, kwana ɗaya bayan BBC ta nuna fim ɗinta a kan kodin, Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya ba da sanarwar hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Gidan da samari ke ajiye irin waɗannan, nan ne mara lafiya ta fi saurin samunsu, kuma da kyakkyawar niyya ake miƙa mata.

Akwai kuma allurar fentazosin, wadda aka fi sani da Fortwin. Ita halinta dabam ne, gama takan ture mofin daga mazauninsa. Macen da likita ya ɗora a kan mofin ciwonta ya lafa, idan aka kira mai allura na unguwa ya yi mata Fortwin don a ƙara mata sauƙi, ciwon na iya dawowa sabo, da hamma da gumi da murɗar ciki. Yawan yin ta kuma yana taurara nama, ya bar gyambo.

Abin mamaki, maganin da jama'a suka fi tsoro shi ne ya fi zama lafiya da tamoksifen. Mofin ba ya bukatar injin CYP2D6, ta wata hanya dabam hanta ke sarrafa shi. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a matakin sama na maganin ciwon sankara, daga 2012 kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta haɗa kai da ƙungiyar sankara ta Amurka don a riƙa samun na sha a manyan asibitoci. Amma har yanzu da an ambaci mofin sai dangi su fara kuka, wai likita ya fid da rai. Ba haka ba ne. Abin lura game da shi shi ne ƙoda, domin mai ciwon ƙoda yakan taru mata a jini, sai kuma bushewar ciki, wadda ake ba da maganinta tun ranar farko.

Metadon da fentanil da oksikodon ba su cika yawa a nan ba, amma wadda ta samo su daga waje, ko take shan sabon maganin nan ribosikilib, mai suna Kisqali, wanda ake gamawa da letirozol, lalle likita ya sani. Ribosikilib yana rage gudun wani injin na hanta, sai fentanil da oksikodon su taru, shi da metadon kuma dukansu suna taɓa bugun zuciya.

TARIN FUKA DA SAURANSU

Akwai wani karo da ya fi shafar talaka mai kwana a ɗaki cunkus, shi ne na maganin tarin fuka. Rifamfisin, wanda ke mai da fitsari ja, ana shan sa wata shida, kuma shi ba kashe inji yake yi ba, zuga hanta yake yi ta ƙone magani da sauri. Wani gwaji na ƙasar Finlan cikin 1998 ya nuna yana rage tamoksifen cikin jini da fiye da kashi 80 cikin 100. Yana kuma rage ƙarfin mofin na sha da metadon. Ba a barin maganin tarin fuka saboda wannan, sai dai likitan tari da na sankara su san da juna. Warfarin kuma, mai tsinka jini, tamoksifen tana ƙara masa ƙarfi har jini ya riƙa zuba, in aka ɗora dikulofenak ko ibufurofen a kai abin ya ƙara muni.

Masu shan Arimidex da Femara su injin CYP2D6 bai dame su ba, tasu wahalar ciwon gaɓoɓi ce. Kusan rabinsu sukan yi kukan yatsu da gwiwa da ƙugu, musamman da asuba. Nan ne mace kan yi ɗayan biyu, ko ta kama tramol, ko ta jefar da ƙwayar sankarar ba ta gaya wa kowa ba. A Amurka ma, inda magani ke samuwa, binciken 2010 ya nuna kimanin rabin mata ne kaɗai ke kai ƙarshen shekarun suna sha yadda aka ce. Alhali akwai mafita: farasitamol bisa ƙa'ida, da tafiya a ƙasa kullum, ko likita ya sauya mata wata ƙwayar cikin jinsin, ko ya mai da ita kan tamoksifen.

Wani abin da tramol ke yi wanda ya fi duk waɗannan muni shi ne rufe bakin ciwo mai kawo saƙo. Sabon ciwon baya ko na ƙugu da ya ƙi tafiya, mai tsananta da dare, yana iya zama alamar cutar ta taɓa ƙashi. In ya zo da sanyin ƙafafu ko riƙewar fitsari, to, ba a kwana da shi a gida, domin sa'o'i ne tsakanin tafiya da gurguncewa. Haka ciwon sha-raɓa da kumburin ƙafa ɗaya ga mai shan tamoksifen, gama ƙwayar tana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya. Wannan ya shafi masu zuwa ganin gida ƙwarai. Daga Ikko zuwa Kano wajen kilomita 1,000 ne, ana shafe yini da kwana a takure cikin mota, wadda ta sha tramol don ta yi barci kuwa ba za ta motsa ƙafa ba har a isa. Gara ta riƙa sauka duk inda aka tsaya, ta taka, ta sha ruwa. Idan numfashi ya yi mata wuya ko ƙirji ya soke ta bayan tafiya, asibiti za a nufa nan take.

Zaman Kudu yana da wata wahala ta daban, watau rabuwar magani gida biyu. A yi tiyata a Ikko ko Badun ko Inugu, a je jinya Zariya ko Kano ko Sakkwato, kati yana can, mara lafiya tana nan. Ga kuma harshe. Likita yana Turanci ko Yarbanci, mai fassara kuwa ɗan cikinta ne ko ƙanen miji, wanda ba za ta iya faɗin gumin dare ko zubar jini a gabansa ba. Zubar jini kuwa ga macen da ta daina al'ada tana shan tamoksifen abu ne da lalle a duba mahaifa a kansa. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a sami mace 'yar'uwa mai jin harshen ta raka ta, a kuma zuba dukan abin da take sha cikin leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har da wanda ake jin kunyar nunawa, a ajiye a gaban likita ko mai haɗa magani na asibitin. Wadda za ta tafi Arewa ta roƙi a rubuta mata sunayen magungunanta da awonsu a takarda.

Idan kuwa aka tarar da mara lafiya tana barcin da ba a iya tashinta, numfashinta yana ja a hankali, ƙwayar idonta ta tsuke kamar kan allura, leɓɓanta sun sauya launi, kada a ɗura mata madara ko manja, domin suna iya wucewa huhu. A kwantar da ita a gefe ɗaya, a nemi mota, a tafi da kwalayen duk abin da ta sha. Asibiti suna da allura mai suna naloksom wadda ke karya ƙarfin dangin mofin cikin 'yan mintoci, amma ƙarfinta yakan ƙare kafin na ƙwayar, saboda haka ko ta farka ta ce ta warke, sai an riƙe ta an ga yadda numfashin zai kasance.